Baƙin Akwatin da Ya Faɗa Rabon Inna

Batsari,
9 ga Oktoba, 2021.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da Rashida da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Mu nan da sauƙi, 'yata Sadiqa ta yi zazzaɓi makon jiya amma ta miƙe. Na gode da ta'aziyyar da ka aiko. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke sabis a nan da can ba ni da hanyar samunka sai ta hannun Jinjiri direba, shi ma ta Kurfi yake zagayawa.

Ka san shanunmu tara da aka kora daga rugar Baffa a bayan Ruma, wata guda kafin rasuwar maigidana, Malam. To, an ƙwato wasu shanu daga daji, an killace su a bayan gari, an naɗa kwamiti. Daudu, ƙanen Malam, ya je ya gani da idonsa. Shida daga cikin namu suna nan, har da Kyalla, wadda mahaifina ya ba ni tana maraƙa. Sai dai ɓarayin sun yanke 'yan kunnen roba masu lamba, kuma wani mutum ya fito ya ce nasa ne, ya kawo shaidu biyu. Namu shaidun sun watse, wasu Jibiya wasu Nijar. Kwamiti ya ce in muna da hoto mu kai ranar Litinin, 8 ga Nuwamba. In babu, mai shaidu za a ba.

Hoto kuwa akwai. Duk saniyar da Malam ya yi wa rigakafi a aikinsa na duba dabbobi sai ya ɗauke ta gaba da gefe ya sa a kwamfutarsa, har ina yi masa tsiya cewa shanun mutane sun fi ni hoto a wurinsa. Da aka raba gado bayan sadakar arba'in, kwamfutar ta faɗo a rabona da na Sadiqa. Na aika aka yi mata caji wurin mai sola, na kunna, sai baƙin allo da rubutu layi ɗaya: No bootable device. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin, rubutun nan bai canza ba.

Kai ne ka sa mata sabon faifai da damina, wanda Malam ya ce sunansa SSD. Kai ka cika shi da daɗin baki cewa za ta riƙa gudu. Ga gudun nan na gani. Ni ina cikin takaba, ba fita, kuma makarantar da nake koyarwa a rufe take. Shanun nan su kaɗai suka rage mana ni da yarinyar nan. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ba ni da wanda zan yi wa kuka a kan wannan in ba kai ba.

Ƙanwarka,
Nusaiba.

*

Safana,
12 ga Oktoba, 2021.

Ƙanwata Nusaiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso lafiya. Hajiya na gaishe ki, ƙafar tana nan yadda kika san ta. Rashida ta ce a yi miki sannu da haƙuri. Allah Ya jiƙan Malam Abdulmumini, Ya raya Sadiqa. Mu ma nan zaman haƙuri ake yi. An hana sayar da fetur a jarka, injin shagona ya fi wata bai tashi ba, gyaran waya ma babu tunda wayoyin sun zama tocila.

Da farko ki kwantar da hankalinki. Rubutun nan ba yana nufin abin da ke ciki ya lalace ba. Yana nufin kwamfutar ta farka ta rasa ta inda za ta fara. Aikina kuma ba a yi masa tsiya, malama. Na kwashe kwamfutar daga tsohon faifai zuwa sabo da hannuna, na zauna a kai har ya gama. Abin da nake zato shi ne ta daɗe a ajiye, ƙaramin batirin da ke riƙe mata tsari ya mutu, sai ta manta da faifan da ya kamata ta nema.

Ga abin da za ki yi. Ki kashe ta gaba ɗaya. Da kin danna maɓallin kunnawa, ki fara danna F12, yana layin sama, kina dannawa kina saki da sauri. Za ta fito da jerin sunaye. Ki sauka da kibiya kan wanda ya fara da Windows, ki danna babban maɓallin nan na dama, Enter. In ba ta tashi ba, ki sake kunnawa ki danna F2. Wani shuɗin allo zai fito, ki nemi inda aka rubuta Legacy ko UEFI. Wanda kika tarar, ki juya shi zuwa ɗayan, ki danna F10. Kada ki taɓa komai bayan wannan.

Da zan iya da na zo da kaina. Hajiya ta ce in na hau hanyar nan ba da yawunta ba, tun abin da ya samu 'yan kasuwar Zakka a makon jiya. Amma akwai kusan wata guda a gabanmu, ba abin tayar da hankali ba ne.

Yayanki,
Armaya'u.

*

Batsari,
18 ga Oktoba, 2021.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mutanen gida duka. Muna lafiya. An gama yankan gero, Daudu ya kawo mana dami huɗu daga gonar Malam, Allah Ya saka masa.

Na yi duk abin da ka ce, takardarka a cinyata, yatsana a kan layin. Na danna F12 har yatsan ya yi zafi. Jerin ya fito, amma babu mai farawa da Windows. Suna biyu ne kawai, ɗaya haruffa da lambobi, ɗaya kuma Network. Na gwada na farko, rubutun nan ya dawo. Na gwada na biyu, ta yi ta jira, ni ma ina jira, sai na tuna ko mutane ba su da sabis a garin nan balle ita. Na shiga shuɗin allon, na tarar da UEFI, na juya shi. Rubutun ya canza kamanni amma maganar ɗaya ce. Na mayar da shi yadda yake don kada ka ce ni na ɓata. Duk gwaji biyu sai caji ya ƙare, don batirinta ba ya riƙewa, sai Daudu ya sake ɗauka zuwa wurin mai sola a bi layi. Kwana uku na yi a kan abin da ka rubuta a layi biyar.

Daudu ya sake leƙa shanun. Ya ce Kyalla ta rame, ƙashin bayanta duk a waje, amma tana da ciki. Na kasa cin abinci ranar.

Abu ɗaya ya faranta mini a takardarka, shi ne da ka ce ka kwashe komai zuwa sabon faifan. Akwai wani ɗan baƙin akwati mai igiya da Malam yake jonawa a gefen kwamfutar, ya taɓa ce mini tsohon cikinta ne. Ranar rabo, su Baffa suka jera kaya a tabarma, suka lissafa kwamfuta daban, akwatin daban, kamar yadda suka raba rediyo da agogo. Akwatin ya faɗa rabon Inna Uwani, mahaifiyarsa. Tun ranar take son ta bayar da shi sadaka don ladan ya kai masa, kamar yadda ta bayar da rigunansa, amma tana tsoron ko akwai amanar mutane a ciki. Na karanta mata layinka, na ce tsoho ne, an kwashe shi. Ta yi murna sosai. Ta ce ranar Juma'a za ta aika wa Liman Tayyib, an ce mata ana iya zuba karatu a irinsa.

Me kuma zan danna? Saura kwana ashirin da ɗaya.

Nusaiba.

*

Safana,
20 ga Oktoba, 2021.

Nusaiba,

Salam. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, Jinjiri na tsaye a bakin shago. Da kin karanta wannan, ki aika wurin Inna a karɓo akwatin nan. Kada a kai shi ko'ina. Hotunan suna cikinsa.

Dole in faɗa miki abin da na ɓoye. Tsohon faifan babba ne, kashi biyu aka yi masa: ɗaya na aikin kwamfutar, ɗaya na ajiya. Sabon ƙarami ne, ba zai ɗauki duka ba, sai na kwafi kashin aikin kawai na bar na ajiya. Da na ce na kwashe kwamfutar, abin da nake nufi ke nan, ban ce hotuna ba. Amma laifina ne, don na san yadda za ki karanta shi kuma ban ƙara layi ɗaya ba.

Akwai na biyu. Ranar da na gama kwafin, ta ƙi tashi da sabon faifan shi kaɗai, don ɗan guntun da ke tayar da ita bai biyo ba, yana kan tsohon. La'asar ta yi, Abdulmumini na son ya kama hanya da sauran rana. Sai na sa tsohon a wannan akwatin, na jona, ta tashi. Na ce ya riƙa amfani da ita haka, ya dawo mako mai zuwa in ƙarasa, aikin minti goma ne. Bai dawo ba, ni ma ban neme shi ba. Da muka yi waya ya ce ko zai kai wa wani a Katsina, sai na ɗauka ya kai, don haka ya fi mini daɗi. Da takardarki ta farko ta zo, raina ya ba ni, amma na ji kunyar in gaya wa matar mamaci cewa na bar aikin mijinta rabi. Shi ya sa na ɗora wa batiri.

Ki jona akwatin a gefen hagu kafin ki kunna, za ta tashi. Hotunan na cikin kashin da aka rubuta D.

In kuwa an riga an kai shi, ki roƙa kada kowa ya zuba masa komai. Ki aiko mini shi tare da kwamfutar. Abin da aka goge ana iya tono shi, muddin ba a zuba wani abu a kansa ba.

Ki yafe mini.
Armaya'u.

*

Batsari,
27 ga Oktoba, 2021.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kwana tara ke nan ba amsa. Jinjiri ma ba a gan shi ba, wasu sun ce motarsa ta lalace a Kurfi, wasu sun ce an rufe hanya. Wannan ta hannun wani mai kai gyaɗa Dutsin-ma na ba da, ban ma san ko za ta iso ba.

In ka gaji da ni ne ka faɗa. Na san kana da naka nauyin. Amma kullum da safe sai na kunna abin nan na danna F12, ko Allah zai sa sunan ya fito. Na fara jin tsoron allon. Baffa ya ce in bar wa Allah, kuma na bar masa, amma hotunan suna nan gabana a cikin ƙarfen nan, tazarar hannu ɗaya, na kasa kai wa gare su. Saura kwana goma sha biyu.

Nusaiba.

*

Batsari,
30 ga Oktoba, 2021.

Yaya Armaya'u,

Salam. Muna nan. Takardarka ta 20 ga wata jiya ta iso. Tana aljihun ƙofar motar Jinjiri, motar kuma tana wurin bakanike a Kurfi kwana takwas, ana jiran ƙarfe daga Katsina. Ka yi watsi da wadda na aiko ta hannun mai gyaɗa.

Na karanta sau uku. A na farko na zage ka, ba zan ɓoye maka ba. A na uku kaina na zaga, don wata biyu ina ganin akwatin nan a jikin kwamfutar kullum, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba ya rabuwa da ita ba.

An kai shi tun Juma'ar da ta wuce waccan. Liman ya ba wani mai turi a kasuwa, irin masu tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya, ya goge shi tas, ya cika shi da karatun Alƙur'ani da tafsirin azumin shekaru da yawa. Mai turin ya ce ya cika shi har ba ya karɓar komai, don ladan ya yi yawa, kuma bai karɓi ko sisi ba saboda Malam ya taɓa ceton akuyarsa. Yanzu shi ake sawa a lasifikar masallacin unguwarmu tsakanin la'asar da magariba. Kwana bakwai ina jin karatun nan daga ɗakina ina cewa Allah Ya kai ladan, ban san a kan shanuna aka zuba shi ba.

Ka san ba a karɓo sadaka. Na rasa yadda zan yi, sai na roƙi Liman ya zo zaure, na yi masa magana ta bayan labule. Da ya gama ji ya ce, "Aro zan ba ki, ba mayarwa ba. Kuma kada tsohuwa ta ji." Na ce haka nake so. Inna tana fitowa tsakar gida da tabarmarta duk la'asar don ta saurara, tana cewa ɗanta ne ke samu. Wa zai iya gaya mata?

Na ce wa Baffa a bar ni in je shingen da aka killace shanun, in kira Kyalla da sunanta a gaban kwamitin, in ba ta taho ba a ba mutumin. Ya ce mai takaba ba ta shiga taron maza, kuma kwamitin ma sun ce ba sa hukunci da kira, don an taɓa yi musu dabara da gishiri a tafin hannu.

Ga akwatin da kwamfutar, na naɗe su cikin zani. Ka tono abin da za ka iya.

Nusaiba.

*

Safana,
4 ga Nuwamba, 2021.

Ƙanwata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Sadiqa. Hajiya ta ji komai, ta yi mini faɗan da ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Kayan sun iso lafiya. Na kai su ɗakin shan magani na wani abokina mai sola, na jona akwatin a tawa kwamfutar, na sa manhajar tono abin da aka goge, wadda nake ajiyewa a ɗan filas na kwamfuta. Kwana biyu tana bi. Mai turin ya yi gaskiya, ya cika shi. Duk inda hoto yake a da, yanzu karatu ne a kai. Sunayen hotunan sun fito, sun fi dubu uku, har da wani jeri da ya rubuta wa Rugar Baffa, da kwanan wata. Amma suna ne kawai. In na buɗe, sai toka-toka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba.

Guda goma sha ɗaya suka buɗe. Goma na tumakin wasu ne. Ɗaya daga jerin rugar Baffa yake, sai dai rabinsa na sama ya tafi. Ana ganin ƙafafun saniya huɗu, ta gaba ta dama fara ce zuwa gwiwa, da hannun Abdulmumini riƙe da igiya, da agogonsa. Kai da baya babu. Na wanke shi a takarda, yana cikin ambulan ɗin nan. Daudu ya kai, ko Allah zai sa su duba.

Kwamfutar kuma na gyara ta. Na sa filas, na rubuta layi ɗaya, na mayar mata da guntun da ya ɓace. Minti bakwai ya ɗauke ni, na duba agogo. Yanzu tana tashi ita kaɗai cikin daƙiƙa goma sha biyu, babu komai a cikinta sai takardun ofis. Na zauna ina kallonta na rasa inda zan sa kaina.

Karatun ban taɓa shi ba, yana nan cif. Na sa akwatin a cikin zanin.

Ban san me zan ce miki ba, Nusaiba. Na yi ta tunanin wata hanyar, babu.

Armaya'u.

*

Batsari,
10 ga Nuwamba, 2021.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Hajiya, da Rashida. Ka ce wa Hajiya ta daina yi maka faɗa haka nan. Muna lafiya.

Kayan sun iso ranar Asabar. Akwatin ya koma masallaci. Inna ta yi ta tambayar me ya sa aka yi shiru kwana bakwai, Liman ya aiko a ce mata aro aka yi. Ta ce to madalla, wasu ma su ji.

Daudu ya kai hoton ranar Litinin. Ya ce sun karɓa, sun zagaya da shi hannu-hannu, har shugabansu ya tashi ya je shingen ya duba. Ya dawo ya ce shanu bakwai ne a ciki masu farar ƙafar dama, ba zai iya yanke hukunci da ƙafa ba. Daudu ya ce mutumin bai yi musu wulaƙanci ba, har ya ce yana jin gaskiyarmu a ransa, amma shaidu biyu sun rantse. An ba mai shaidu duka shidan.

Hoton yana wurina. Ƙafar Kyalla ce, ko a ina na gan ta na sani. Hannun ma na sani.

Ba na riƙe ka a raina. Na gwada, na ga in na riƙe ka sai in riƙe su Baffa da suka raba, da Inna, da mai turi, da bakaniken Kurfi, da kaina, ba ni da ƙarfin wannan duka. Kwamfutar tana tashi kamar yadda ka ce. Na kunna sau ɗaya na rufe.

Jiya da hantsi aka fito da shanun. Ta layinmu aka koro su, don ita ce hanyar fita gari. Ina tsakar gida ina wanke wa Sadiqa kaya na ji takunsu a bayan katanga, sai na ji kukanta. Tana da wani kuka gajere mai shaƙewa, tun tana maraƙa haka take. Na tashi na je jikin katangar, kumfa a hannuna. Na san in na kira ta za ta tsaya, ba ta taɓa ƙin tsayawa ba. Na buɗe baki, sai na tuna in ta tsaya dukanta za su yi, ga ciki. Na yi shiru har suka wuce.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Nusaiba.